Kwana Uku A Dajin Oke-Ogun: Abin Da Ban Sa A Rahoto Ba



Waɗanda suka halarci taronmu na wata-wata bayan dawowarmu daga Oke-Ogun sun ji rahoton da na karanta: nawa aka tara, nawa ya tafi a mota da abinci, mutum nawa likitoci suka duba. An yi tambayoyi, an sa hannu, an rufe fayil. Amma akwai abin da ban sa a rahoton ba, domin ba irin maganar da ake cusawa a tsakiyar lissafin kuɗi ba ce, kuma a lokacin ba ni da izinin faɗa. Wata takwas ke nan ina ɗauke da ita a ciki. Ranar Talatar da ta wuce, bayan Magariba, aka kira ni a waya daga can, aka ba ni wani labari, aka kuma ba ni izini. Shi ya sa na zauna na rubuta. Yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe.

Ga yadda abin ya faro. Akwai wasu likitoci da nas-nas Musulmi a nan Ibadan, yawancinsu Yarbawa, da suka saba fita ƙauyuka fisabilillahi: su duba marasa lafiya kyauta, su ba da magani, malaman da ke tare da su kuma su yi wa'azi. Sai suka aiko wa shugabanninmu takarda cewa a fitarsu ta baya sun tarar da Hausawa da Fulani masu yawa a gonakin yankin Shaki, amma sun kasa yi musu komai. Na farko babu tafinta. Na biyu mutanen sun ƙi fitowa. Tun rikicin Igangan da na kasuwar Sasa a farkon 2021, ɗan Arewa da ke cikin daji idan ya hango baƙin motoci sun doso, ba tambayar ko su wane ne yake yi ba, hanyar ɓuya yake nema. Likitocin suka ce a ba su mutanen da za a gani a yarda.

Aka zaɓi mu huɗu: ni, da 'yan agaji biyu, da wata Hajiya daga ɓangaren mata. Ba zan ɓoye muku ba, ban so tafiyar ba. Kwana uku shago a rufe ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. Amma da manya suka ce ni ne mai Yarbanci da Turanci a lokaci guda, sai na rasa ta cewa.

Mun tashi ranar Juma'a da Asuba, hunturu na kaɗawa. Daga Moniya zuwa Iseyin hanya sumul, kilomita 65 ɗin nan da aka gyara aka buɗe a 2021. Daga Ibadan zuwa Shaki kusan kilomita 180 ne, kuma muka isa da hantsi ya ɗaga. A raina na ce ashe ma tafiyar ba wahala. To, daga inda kwalta ta ƙare ne aka fara tafiyar gaskiya. Jar ƙasa, ramuka, ƙura kamar a rufe ido. Da muka kai wani rafi, direbobin bas biyu suka ce nan suka tsaya. Aka sauke kwalayen magani aka ɗaure a kan babura, likitoci mata da hijabansu suka hau bayan 'yan acaɓa, muka ƙara tafiyar da ta haura awa ɗaya a cikin gonakin doya, rogo da kashu. Wani ɗan acaɓa ya ce mini da damina rafin nan idan ya cika, sai a kwana biyu ba a haye ba. Na tambaye shi, idan mace na naƙuda fa? Ya ɗaga yatsa sama, bai ce komai ba.

Ƙauyen da aka sauke mu yana da ginin asibitin sha-ka-tafi. Akwai allo a bakinsa, fenti ya koɗe. Da aka buɗe ƙofa warin jemage ne ya tare mu. Gado biyu babu katifa, firinjin allurar rigakafi ya zama ma'ajiyar tsoffin katuna, babu wuta, babu ruwa. Ma'aikaciyar lafiya ɗaya ce tak, kuma ba nan kaɗai take duba ba, tana zagaya ƙauyuka da yawa a kan babur, sau da dama da kuɗin aljihunta. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Da na ga safar hannun da take wankewa tana shanyawa don ta sake amfani da ita, sai na ji kunyar duk ƙorafin da nake yi idan na daɗe a layin asibiti a cikin gari.

'Yan agajinmu biyu da Hajiya suka bi bukkoki da rugage suna sallama da Hausa. Kafin La'asar fili ya cika. Mutanenmu ne, jama'a. 'Yan Sakkwato, Zamfara, Kabi da Katsina. Wasu 'yan ci-rani ne masu leburancin tada kunyar doya da ƙona gawayi, wasu kuwa 'yan bindiga ne suka tashe su daga garuruwansu, suka kwaso mata da yara suka zo suka kafa bukka a gonar wani. Da yawa ba su jin Yarbanci ban da na ciniki. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, shekara huɗu rabon da in gaya wa mai magani ciwona da bakina."

Abin da na gani a ranar farko ya isa littafi. Dattijon nan da aka auna, hawan jininsa ya kai inda likita ya sake aunawa har sau uku don bai yarda da na'urarsa ba. Shi kuwa abin da yake sha kullum shi ne haɗin ƙwayoyi kala-kala da mai talla ke ƙulle masa a leda ranar kasuwa. Na ga yara masu tamowa, gashi ya yi ja, ciki ya fito. Na ga saurayi da maciji ya sara, aka ɗaure ƙafar da roba tamau har ta kusa lalacewa. Na ga matar da ta ce ta haihu shida, biyu ne a raye, na ƙarshen a kan babur ya zo, a hanyar Shaki, bai ko yi kuka ba. Wata kuma an taɓa ba ta maganin ɗigawa a kunnen yaro, aka yi mata bayani da yaren da ba ta ji, ta je ta ɗura masa a baki. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba a maganarsa, kusan kowane gida akwai.

Ranar Asabar bayan Azahar aka yi wa'azi a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Malamin da muka zo da shi ya yi magana a kan cewa lafiya amana ce, neman magani ba ya warware tawakkali, kuma suturta asirin ɗan'uwa wajibi ne. Ni ina fassarawa. Sai babbar likitar tawagar ta tashi ta ce akwai gwajin HIV kyauta, a asirce, ga duk mai so, musamman masu juna biyu. Da na juya maganar zuwa Hausa, wurin ya yi tsit. Wasu samari a baya suka fara dariya ƙasa-ƙasa, wasu suka miƙe suna kakkaɓe riga.

Nan malamin ya yi abin da ban yi zato ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya je ya zauna a kan benci, ya miƙa yatsa a gaban kowa. Limamin mutanenmu na wurin, tsoho mai farin gemu, ya bi bayansa. Sai malamin ya waiwayo ya ce, "Sakatare, saura kai."

'Yan'uwa, ina da shekara arba'in da wani abu, ina da difloma, ni ne nake rubuta wa ƙungiya takardun wayar da kai, amma ban taɓa yin wannan gwaji ba. Ban san kaina da bin matan banza ba. Amma da aka soka mini yatsa, aka ɗiga jinin a kan 'yar takardar nan, aka ce in jira minti 15, babu abin da bai zo mini a rai ba. Na tuna askar wanzami da aka yi mana layi da ita muna yara. Na tuna masu yankan farce na bakin masallaci da almakashi ɗaya tun safe. Na tuna allurar da wani mai kemis ya taɓa yi mini a tasha, ban ga inda ya ɓare sirinjin ba. Da nas ta nuna mini layi ɗaya ta ce babu, sai da na sauke ajiyar zuciya. A ranar na gane cewa mai gudun gwaji ba lallai mai laifi ba ne. Tsoro ne kawai, kuma ni ma ina da shi.

Bayan haka mutane suka yi layi.

Wajen La'asar sakaliya likitar ta aiko a kira ni bayan wata tamfal da aka kewaye aka yi ɗaki. Hajiya ta bi wata nas zuwa ruga, babu mai fassara sai ni. Kafin in shiga likitar ta tsayar da ni ta ce, "Malam, abin da za ka ji a nan, a nan za ka bar shi. Ko matarka ba za ta ji ba." Na yi alkawari.

A ciki wata yarinya ce zaune a kan tabarma, ba za ta wuce shekara ashirin ba, da ciki wata biyar, ba ta taɓa zuwa awo ba. Gwajin farko ya nuna layi biyu. Aka sake da wani nau'in gwaji daban, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, shi ma ya nuna. Likitar ta yi bayani da Turanci a hankali, ta dube ni.

Wallahi bakina ya yi nauyi. Na lalubi kalmomin da na sani na wannan ciwo, na tarar dukansu na zagi ne ko na mutuwa. Kun san su: kabari kusa, kabari salamu alaikum, ciwon 'yan iska. Babu ko ɗaya da za ka iya dubar 'yar mutane ka faɗa mata. Da ƙyar na ce, "Ƙanwata, an ga wata ƙwayar cuta a jininki, sunanta HIV. Akwai maganin da ke kwantar da ita, kuma kyauta ake bayarwa."

Ta ɗago ta ce, "Malam, ita ce ƙanjamau?"

Na mayar wa likita tambayar. Amsar da ta bayar, ni kaina ranar na fara fahimtarta sosai. Ta ce HIV ita ce ƙwayar, tana shiga jiki ta riƙa cinye garkuwarsa a hankali, mutum na iya shekaru yana yawonsa garau bai sani ba. Ƙanjamau kuwa shi ne halin da mutum ke faɗawa idan garkuwar ta ƙare don bai sha magani ba, sai tarin fuka, gudawa da rama su taru a kansa. Wanda ya fara magani da wuri, ya riƙe shi, ba ya kaiwa can. Na ce mata, "Ba ki da ƙanjamau. Kina da abin da ke kawo shi, kuma an gano shi kafin ya kawo."

Ta yi shiru, hawaye na zuba. Sai ta ce, "Wallahi Malam ban san kowa ba sai mijina." Na ce babu wanda ya tambaye ki wannan. Sai ta ɗora hannu a cikinta ta ce, "Wannan fa?"

Likitar ta ce idan uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 da za su ɗauka, a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Idan kuwa tana sha yadda ya kamata, adadin yana sauka ƙasa da 5. Ƙwaya ɗaya ce a rana. Za ta haihu a asibiti, a ba jaririn maganin ruwa na mako shida, a gwada shi a mako na shida, ta shayar da shi nono zalla wata shida, a yi gwajin ƙarshe idan ya kai wata 18 ko bayan yaye. Na fassara kalma bayan kalma. Da na gama ta ce, "Don Allah kada a gaya masa. Zai sake ni, kuma ba ni da inda za ni, garinmu babu kowa." Likitar ta ce babu mai gaya masa sai da yardarta, amma ta yi tunani, domin shi ma yana buƙatar sanin matsayinsa.

Daren nan ban runtsa ba. A kan tabarma a cikin ajin makarantar da aka ba mu, ba yarinyar nake gani ba, wani abokina nake gani.

A 2004, ina karatun difloma, muna kwana ɗaki ɗaya a Sabo da wani yaron mota. Mutumin kirki ne, shi ya sha biya mini kuɗin mota zuwa makaranta. Sai ya fara tari, ya fara rama, ƙuraje suka feso masa. Babu wanda ya kai shi gwaji, amma unguwa ta riga ta yanke hukunci. Aka ware masa kofi da kwano. A masallaci aka riƙa barin gurbi a gefensa. Ni da nake ɗakinsa na kwashe katifata na koma wani wuri, na ce wai karatu ne ya yi yawa. Ranar da za a ɗora shi a bayan motar kaya a mayar da shi gida, ya miƙo mini hannu, na yi kamar ina gyara masa jaka. Bai yi wata biyu ba aka aiko cewa ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ni ma ya yafe mini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na sani daga baya. Tun 2002 gwamnatin tarayya ta fara ba da maganin a manyan asibitoci a kan naira 1,000 a wata, a 2006 aka mayar da shi kyauta. Babban asibitin koyarwa na garin nan, daga Sabo ko a ƙafa ana zuwa. Dubu ɗaya ba ta fi ƙarfinmu ba ko a lokacin. Jahilci da tsoron bakin mutane ne suka hana mu kama hannunsa mu kai shi. Kuma duk abin da muka guje shi a kai, babu ɗaya da ke yaɗa cutar: ba cin abinci a kwano ɗaya, ba musafaha, ba buta, ba sahun sallah, ba cizon sauro. Hanyoyinta sanannu ne: saduwa, jini, allura ko aska da aka yi tarayya a kansu, sai daga uwa zuwa jariri.

Da safiyar Lahadi muna haɗa kaya, sai ga yarinyar tafe, mijinta a gaba. Ita da kanta ta gaya masa cikin dare. Na shirya jin faɗa. Sai na ga mutum mai sanyi, ɗan shekara talatin da 'yan kai, hannunsa duk baƙin gawayi. Ya ce, "Malam, a auna ni." Aka auna, aka sake. Shi ma yana da ita.

Ya daɗe kansa a ƙasa. Can ya ce yana da mata kafin wannan, bazawara ce ya aura. Ta yi doguwar jinya, tari da rama, aka ce sammu ne, aka yi ta rubutu da hayaƙi har ya sayar da akuyoyinsa, ta rasu. Ɗan da ta bari bai kai shekara biyu ba ya bi ta. Ya ce, "Ke nan ni na sa wa wannan baiwar Allah?" Likitar ta ce in gaya masa babu mai iya sanin wa ya fara kawo ta cikin gidan, kuma wannan tambaya ba ta da magani, tambayar da ke da magani ita ce me za a yi daga yau. Ya juya ya dubi matarsa ya ce, "Ki yafe mini, ban sani ba." Ni da aka kawo don fassara, sai da na fita waje na share fuskata.

Aka rubuta musu takarda zuwa asibitin da ke ba da maganin a cikin gari. Nan wata matsalar ta taso. Magani kyauta ne, hanya ba kyauta ba ce. Kuɗin babur na mutum biyu, zuwa da dawowa, ya kusa abin da yake samu a mako. A farkon fara magani kuwa sai an riƙa komawa akai-akai kafin a soma ba mutum na wata uku ko shida a haɗe. Wanda ya fara ya bari, ƙwayar na iya gagarar maganin. Na ba shi lambata, na ce duk ranar asibiti ya kira ni. Waɗanda suka ga "tallafin sufuri na marasa lafiya" a lissafin watannin nan, to ga inda ya tafi. Shugaba da ma'aji sun san akwai masu buƙata, ba su san ko su wane ne ba, kuma ba su tambaya ba. Allah ya saka musu.

Ba duka ne ya yi daɗi ba. Akwai wani magidanci da shi ma aka samu da ita a tafiyar. Ya saurare mu har ƙarshe, ya yi godiya, ya ba da lambar waya. Da muka dawo na kira, lambar ba ta aiki. Na aika a duba, aka ce ya tashi. Ya gaya mana yana da mata biyu a gida, yana komawa duk Babbar Sallah. Har yau idan na tuna shi sai gabana ya faɗi.

Kada wani ya ce wannan ciwon Kudu ne ko na wasu mutane. Tun 1986 aka ba da rahoton bullarsa a Najeriya. Babban binciken da aka yi a 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar a ƙasar nan, wato kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. Akwa Ibom, Binuwai da Ribas ne a sama, kuma duk cikinsu babu inda mutanenmu ba sa zuwa neman abinci. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ake haifa da ita, saboda mata da yawa ba sa zuwa awo. Mu kuwa rayuwarmu ta tafiya ce: direbobi, 'yan kasuwa, 'yan ci-rani, mai wata goma bai ga iyalinsa ba. Ga aure da saki da sake aure babu gwaji. Jihar Kano ta ga haka ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwajin lafiya, har da na HIV, kafin a ɗaura aure. Akwai kuma dokar ƙasa ta 2014 da ta haramta tsangwamar masu ɗauke da ita.

Sannan mu sani, kaso mai yawa na maganin nan da tallafin waje ake samo shi, musamman shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, hankalin masu shan maganin ya tashi a ko'ina. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu da muka karɓi baƙuncin taron har yau ba mu cika ba. Wannan na gwamnati ne, kuma idan masu neman ƙuri'a suka zo Sabo ya kamata mu tambaye su. Amma akwai namu.

Ga abin da zan gabatar a taro mai zuwa, ina so kowa ya zo da ra'ayinsa. Na ɗaya, mu nemi likitocin nan su zo mana Sabo rana guda, a auna hawan jini, suga da HIV a wuri ɗaya, yadda babu mai sanin abin da ya kawo wani. Mu shugabanni mu fara miƙa yatsa. Na biyu, mu roƙi limamanmu su riƙa neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, na budurwa ko na bazawara, ba tare da an tona asirin kowa ba. Na uku, mu buɗe asusun sufuri na dindindin don marasa lafiyar da ke cikin daji, ko naira 500 ce a wata daga kowane mamba. Na huɗu, muna buƙatar matasa maza da mata masu jin Yarbanci ko Turanci da za su riƙa raka mutanenmu asibiti. Wanzamanmu da masu yankan farce kuma a zauna da su a kan reza sabuwa ga kowane mutum. Na ƙarshe ba ya buƙatar ko sisi: mu kama bakinmu. Idan ka ga wani ya rame, ka tambaye shi ko ya je asibiti, kada ka tambayi maƙwabcinsa me yake damunsa.

Saura wayar ranar Talata. Mijin ne. Matar ta haihu a asibiti wata huɗu da suka wuce, namiji. An ɗauki jinin yaron a mako na shida, sakamakon ya daɗe bai dawo ba, sai yanzu. Babu. Ya ce, "Malam, an ce saura na ƙarshe idan an yaye shi, ku ci gaba da sa mu a addu'a." Su biyun suna shan maganinsu tare bayan Isha'i, shi yake tuna mata, ita take tuna masa, ya koma aikinsa. Na ce ina so in ba jama'armu labarin. Ya yi jim, ya tambayi maiɗakinsa, ya dawo ya ce, "Ka faɗa. Kada dai ka faɗi sunanmu ko garinmu." Ban faɗa ba, na kuma sauya wasu abubuwa don kada a gane. Wanda ya zo mini da tambayar su wane ne, ya sani tun yanzu ba zai samu amsa ba.

Allah ya raya yaron nan, ya ba iyayensa ikon riƙe magani. Allah ya saka wa likitocin da suka bar gidajensu suka hau babur don mutanen da ba su san yarensu ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a taro ranar Lahadin ƙarshen wata, bayan La'asar, a inda muka saba.

Naku,
Sakataren Ƙungiya